Da Wane Mudu Za a Auna Bishop? Shugabancin Cocin Katolika Daga Mahangar Kurmin Mashi

Tun daga ranar 18 ga Disamba, 2023, lokacin da Fadar Batikan ta fitar da takardar Fiducia Supplicans, wadda ta ba firistoci damar sa albarka ga mutanen da ke zaman tarayyar jinsi ɗaya ba tare da an ɗauke shi aure ba, kafafen yaɗa labarai na duniya suka raba bishop-bishop na Cocin Katolika gida biyu: masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi. Jaridunmu da gidajen rediyonmu sun ari wannan rabo yadda yake, har ya zama duk wanda zai yi magana a kan wani bishop, tambayar farko ita ce a wane gida yake. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mudun da aka auna Jamus da Amurka da shi ba zai auna Kaduna ba. Akwai bambanci na gaske tsakanin dayosis-dayosis na Arewacin Nijeriya da salon shugabanninsu, amma a wasu wurare yake daban. Unguwa irin Kurmin Mashi, inda Musulmi da Kirista suke zaune katanga ɗaya a arewacin Kogin Kaduna, ta fi kowane zauren muhawara nuna inda bambancin yake.

Ikon bishop da iyakarsa

Ya kamata a fara da fahimtar matsayin bishop, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa tamkar hakimin da Fafaroma ya tura ya riƙe masa gunduma. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda ya gudana daga 1962 zuwa 1965, ya kore wannan fahimta a takardarsa ta Lumen Gentium: bishop yana mulkin dayosis ɗinsa da ikon kansa, ba a matsayin wakilin Fafaroma ba, ko da yake dole ya kasance cikin zumunci da biyayya gare shi. Kundin dokokin coci na 1983 ya tattara masa ikon kafa doka da zartarwa da shari'a a cikin yankinsa. Shi ke naɗa firistoci, shi ke tura su majami'u ko ya ɗauke su, shi ke buɗe sabuwar majami'a, kuma a hannunsa izinin auren ɗan Katolika da wanda ba a yi wa baftisma ba yake. Fafaroma ne ke naɗa shi, galibi daga cikin sunaye uku da jakadan Batikan a ƙasar ya aika bayan bincike a asirce. Ana bukatar ya kai rahoto Roma duk shekara biyar, ya kuma miƙa takardar murabus idan ya cika shekara 75.

Wannan faɗin iko ne ya sa dayosis biyu maƙwabta, masu aƙida ɗaya da littafin sujada ɗaya, kan yi hannun riga a zahirin rayuwa. Halin makiyayi yakan bi garke.

Inda rabon ya samo asali

A ƙasashen Yamma rabon riƙau da sassauci yana da tushe. A Jamus, bishop-bishop da wakilan mabiya sun shafe shekaru daga 2019 zuwa 2023 suna taron da suka kira Tafarkin Sinod, inda mafi rinjaye suka amince da sa albarka ga masu zaman jinsi ɗaya, suka kuma nemi a sake duba dokar hana firistoci aure. A Amurka rikicin ya fi zafi a kan tsohuwar sujadar Mas ta harshen Latin. Fafaroma Benedict na 16 ya sassauta yin ta a 2007, Fafaroma Francis ya ƙuntata ta a watan Yulin 2021, ya bar wa kowane bishop hukuncin inda za a yi ta. Wasu suka rufe ƙofa, wasu suka bar ta a buɗe. A watan Nuwamban 2023 aka sauke Bishop Joseph Strickland na Tyler, a jihar Teksas, wanda ya yi fice wajen sukar Francis, bayan an gudanar da bincike a dayosis ɗinsa, ya kuma ƙi yin murabus.

Idan aka kawo wannan mudu Nijeriya, sai a tarar babu abin aunawa. Kwana biyu kacal bayan fitowar Fiducia Supplicans, Majalisar Bishop-Bishop ta Nijeriya ta bayyana cewa ba za a sa irin wannan albarka a ƙasar ba, ta kafa hujja da koyarwar coci da dokar ƙasa da al'adun jama'a. Dama tun Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. Ranar 11 ga Janairu, 2024, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya fitar da matsaya makamanciyar wannan da sunan bishop-bishop na Afirka, da sanin Fafaroma. Babu wani bishop a lardin Kaduna da ya fita daga sahu. Ta fuskar aƙida da ɗabi'a, dukkansu 'yan riƙau ne.

Amma ta fuskar sujada, mai kishin Latin daga Teksas zai iya kiran su 'yan sassauci. Mas a Arewa da Hausa da Turanci da harsunan gida ake yin ta, da ganga da tulu da kacau-kacau, 'yan Zumuntar Mata suna rera waƙa, ana taka rawa wajen kai baiko. Tsohuwar Mas ta Latin tana da 'yan tsirarun mabiya ne a Kudu maso Gabas, irin su cibiyar Umuaka a dayosis ɗin Orlu. Barazanar da bishop-bishop na Nijeriya suke gani ga tsarin sujada daga wata kusurwa take zuwa, wato kwaikwayon salon majami'un Fentikos, annabce-annabce da tara kuɗi a tsakiyar ibada, kuma a kan haka suka ja kunnen firistoci a watan Agustan 2024. Ita kuwa tambayar sassaucin da ta fi damun Afirka ta auren mata fiye da ɗaya ce. Dokar coci ta ce mai mata da yawa idan ya karɓi baftisma, ɗaya zai riƙe. Me zai faru da sauran da 'ya'yansu? Taron Sinod na Roma a 2023 ya ɗora wa bishop-bishop na Afirka nazarin wannan batu. Ga manomin Kajuru ko Bamagujen Malumfashi, wannan ita ce maganar da ta shafi cikin gidansa.

Kogin da ya zama iyaka

Tarihin Katolika a Kaduna tarihin gari ɗaya ne kafin ya zama na gari biyu. An kafa yankin mishan na Kaduna a 1934 a hannun firistocin ƙungiyar SMA, ya zama dayosis a 1953, ya zama babbar dayosis a 1959 a ƙarƙashin John MacCarthy, mutumin ƙasar Ayilan. Peter Yariyok Jatau, ɗan Kudancin Kaduna, ya gaje shi a 1975, ya riƙe sanda har 2007. Makarantun da mishan ta gina sun yaye Musulmi da Kirista tare kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970, Kwalejin St. John ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Asibitin St. Gerard na Kakuri bai taɓa tambayar majinyaci addininsa ba. A watan Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Kaduna ya naɗa firistoci, ko da yake ganawar da aka shirya masa da shugabannin Musulmi ba ta yiwu ba.

Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, sannan na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, su suka sake zana taswirar garin. Kiristoci da yawa suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Television da Romi da Narayi da Gonin Gora. Musulmi da yawa suka yo arewa zuwa Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Kawo. Aka sayar da gidaje da araha, wasu aka yi musanyarsu. Babbar majami'ar St. Joseph, inda kujerar Akbishop take, ta ci gaba da zama a arewacin kogi, alhali mafi yawan garken birnin yana kudu.

Kurmin Mashi, wadda ke maƙwabtaka da tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da kuma titin Nnamdi Azikiwe, tana cikin unguwannin arewa da wannan rarrabuwa ba ta gama cinyewa ba. Har yanzu ana jin kiran salla da waƙar majami'a a safiya ɗaya, makanike Musulmi da mai sayar da kayan gyara Kirista suna cin abinci daga ciniki ɗaya. Zaman ba na aljanna ba ne. Duk lokacin da jita-jita ta taso a gari, irin waɗannan unguwanni ne ke fara rufe shaguna. Harin ƙunar baƙin wake da aka kai majami'ar St. Rita a yankin Badarawa ranar 28 ga Oktoba, 2012, ya tuna wa kowa cewa zama Kirista a arewacin kogi yana da farashi. Ga ɗan Katolikan da ya ƙi sayar da gidansa a Kurmin Mashi, muhawarar Jamus labarin ƙanzon kurege ce. Abin da yake so ya sani game da bishop ɗinsa abu uku ne.

Na farko: harshensa

Kalmar da bishop ya furta a mumbari ko a gaban 'yan jarida, wani ne ke kwana da ita a unguwa. A nan salon shugabanni ya bambanta a fili. Marigayi Joseph Danlami Bagobiri, bishop na farko na Kafanchan daga 1995 har rasuwarsa a 2018, ya yi suna da kakkausar murya a kan kashe-kashen Kudancin Kaduna. Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya haɗa zama a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa tare da Janar Abdulsalami Abubakar da sukar gwamnati ba sani ba sabo. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 a kan son kai a naɗe-naɗen gwamnatin Muhammadu Buhari ya jawo martani mai zafi, har wata ƙungiya a Sakkwato ta nemi ya nemi afuwa ko ya bar jihar. Matthew Man-Oso Ndagoso, wanda ya zo Kaduna a 2007 daga Maiduguri, inda aka ƙona masa gida a tarzomar Fabrairun 2006, yakan soki gazawar hukuma a kan tsaro, amma ya fi karkata ga dangana matsalar da talauci da rashin adalcin shugabanni.

Ba daidai ba ne a ce mai kakkausar murya ya yi laifi. Lardin Kaduna ya binne mutanensa. An sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a kan hanyar Abuja ranar 8 ga Janairu, 2020, aka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. An kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi a 2021. A 2022 Fada Joseph Aketeh Bako ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, aka harbe Fada Vitus Borogo a Kujama, aka kashe Fada John Mark Cheitnum na Kafanchan. Makiyayin da ya yi shiru a kan wannan ya ci amanar garkensa. Ma'aunin shi ne ko ya iya ambaton mai laifi da sunan laifinsa ba tare da ya shafa wa maƙwabci kashin kaji ba. 'Yan bindigar da suka sace firistoci su ne suka sace limamai da manoma Musulmi a Birnin Gwari da Giwa da Igabi. Takardar Nostra Aetate ta 1965 ta ɗora wa 'yan Katolika girmama Musulmi, ta nemi ɓangarorin biyu su yi aiki tare don adalci da zaman lafiya. Bishop ɗin da ya riƙe wannan ya riƙe koyarwar cocinsa ne, saboda haka kiran sa mai sassauci kuskure ne. Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a watan Agustan 2002, ba ta hana tarzomar Nuwamba ba, amma ta bar darasin cewa takarda ba ta aiki sai limami da fada na unguwa ɗaya sun san lambar wayar juna.

Na biyu: gidan na wa ne

Majami'ar birni a Kaduna taron ƙabilu ce: Bajju, Atyap, Adara, Gbagyi, Ibo, Tibi, Idoma, Yarbawa, da Hausawa Kirista waɗanda sau da yawa ake mantawa da su. Wa ake tura wa majami'a mai kuɗi, wa ake tura wa ƙauyen da ake satar mutane? Da wane harshe ake Mas ɗin da ta fi cika? Wa ake aikawa karatu Roma? A waɗannan tambayoyi ne firistoci da mabiya suke gane adalcin bishop.

Nijeriya ta riga ta ga yadda ƙabilanci ke iya karya sandar bishop. A Disamban 2012 aka naɗa Peter Okpaleke bishop na Ahiara a jihar Imo, firistoci da mabiya na Mbaise suka ƙi shi domin ba ɗan yankinsu ba ne. A Yunin 2017 Fafaroma Francis ya ba firistocin kwana 30 kowa ya rubuto takardar biyayya. Duk da haka bishop ɗin bai samu zama a kujerarsa ba, ya yi murabus a Fabrairun 2018. Daga baya aka ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia, aka naɗa shi Kadinal a 2022. Waɗanda suka bijire wa Fafaroma a Ahiara babu mai zarginsu da sassaucin aƙida. Mudun Yamma ba shi da gurbin da zai sa su.

Ta ɓangaren alheri kuma, kafa dayosis ɗin Katsina a Oktoban 2023 da naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, wanda aka bayyana a matsayin Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika, ya fi kowace takardar Roma tasiri a Arewa. Ya gaya wa Bahaushe Kirista cewa shi ba baƙo ba ne a coci, ya kuma gaya wa Bahaushe Musulmi cewa cocin ba na wasu ƙabilu ba ne kawai. Masu nazarin Hausa suna da ruwa da tsaki a nan, domin harshen da ke haɗa Bajju da Adara da Gbagyi a sujada ɗaya Hausa ce, kuma ingancin fassarar littattafan sujada da wa'azi da waƙoƙi ya dogara ga muhimmancin da bishop ya ba su.

Na uku: shawara da lissafi

Idan akwai wurin da kalmar riƙau ta dace da wasu dayosis-dayosis namu, to a salon mulki ne. Akwai bishop mai mulkin fada, wanda ake durƙusa masa, ba a tambayarsa, kuma ba a sanin abin da ya shiga asusu ko ya fita. Akwai mai zama da majalisa. Abin lura shi ne dokar coci kanta tana tare da na biyun. Ta wajabta wa kowane bishop kafa majalisar kula da dukiya da majalisar firistoci, ta umarci masu riƙon dukiya su ba mabiya bayanin abin da suka bayar, ta kuma ɗora wa bishop ziyartar dukkan dayosis ɗinsa aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar. Takardar ƙarshe ta Sinod a Oktoban 2024 ta ƙara jaddada bayyana gaskiya da ba da lissafi da shigar da mabiya, maza da mata, cikin shawara.

Wannan yana da nauyi na musamman a arewacin kogi. Majami'ar da mutanenta suka ragu, baikonta ya ragu, ga kuɗin katanga da masu gadi. Idan ana raba firistoci da ayyuka bisa yawan abin da majami'a ke kawowa, irin waɗannan wurare za su bushe sannu a hankali, coci ya kammala da hannunsa rabuwar da tarzoma ta fara. Bishop mai hangen nesa zai tura ƙwararren firist mai jin Hausa sosai, ya bar shi ya daɗe har ya san mai unguwa da limamai, ya sa majami'un kudu masu ƙarfi su tallafa wa makaranta da ɗakin shan magani da ke hidima ga kowa. Katikis da shugabar Zumuntar Mata da suka shekara talatin a unguwa sun fi kowane ofishi sanin inda wuta ke tashi. Rashin sauraronsu asara ce.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Mai ƙalubale zai ce duniya ta zama ɗaya, matashin Kurmin Mashi yana kallon muhawarar Amurka a Facebook da YouTube, firistocin Nijeriya da yawa suna aiki a Turai da Amurka, tallafin kuɗi kuma yana zuwa daga ƙungiyoyin Katolika na Jamus. Wannan gaskiya ne, kuma Fiducia Supplicans ta nuna shi: takardar da aka rubuta a Roma ta jefa 'yan Katolikan Arewa cikin amsa tambayoyin maƙwabta a kasuwa da wurin aiki, shi ya sa bishop-bishop suka yi gaggawar magana. Amma wannan ma hujja ce ga abin da ake faɗa. Abin da ya sa martanin ya yi sauri shi ne yanayin zama da maƙwabta da dokar ƙasa, tare da aƙidar da babu saɓani a kanta. Haɗarin da ke akwai shi ne bishop ya samu tafi daga 'yan riƙau na ƙetare a kan batun da bai sa shi asarar komai ba a gida, ya ɗauka ya gama aiki, alhali tambayoyin ƙabilanci da lissafi da tsaro suna nan jibge. Tsayawa a kan abin da kowa ya yarda da shi ba ya bukatar jarunta.

Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu, 2025, bayan rasuwar Francis, ya taɓa shugabantar ofishin Batikan mai tantance waɗanda za a naɗa bishop, ya kuma ziyarci Nijeriya lokacin da yake shugaban ƙungiyar Agustinawa, ƙungiyar da ta ba Kano bishop ɗinta na farko, Patrick Sheehan, da na biyu, John Namaza Niyiring. Naɗe-naɗen da zai yi a Arewa za su shafi Musulmi kamar yadda za su shafi Kirista, domin a gari irin Kaduna, shugaban addini ɗaya yana iya sanyaya ko ya hura zaman kowa.

Saboda haka, ga manazarta da 'yan jarida masu rubutu da Hausa, shawarar ita ce a daina aron rigar da ba a ɗinka don mu ba. Idan za a auna bishop, a tambaya ko maganarsa ta kare mutanensa ba tare da ta jefa maƙwabtansu cikin zargi ba, ko ɗan ƙaramar ƙabila yana ganin kansa a gidan, ko mabiya sun san inda baikonsu ya tafi. A kuma duba ko bayan shekara goma iyalan Katolika suna nan a Kurmin Mashi, 'ya'yansu suna wasa da 'ya'yan maƙwabta Musulmi a layi ɗaya. Idan suna nan, makiyayin ya yi kiwo.